Sirdin dresaj mai sauƙin kuɗi ga godiyar da bayanta ba ya son taɓi

Abban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar barga. Shawara nake nema. Ina da godiya bikili mai shekara 13, 'yar Ajantina ce da ta gama zamaninta a filin folo, wato ƙwallon dawaki, aka sayar mini. Natsattsiya ce, ba cizo ba harbi, shi ya sa na bar wa Ilham ita, tunda yarinyar ta ƙwallafa rai a kan dresaj, wannan hawan da ake sarrafa doki a tsanake cikin fili mai alamomi. Matsalar bayan godiyar ne. Da ta hango sirdi sai ta kwantar da kunne. In aka ɗora ta lotsa baya, in aka zo jan majayi ta waiwayo a fusace. Kwanan nan kuma fararen gashi sun fito mata gefe biyu, ƙasa kaɗan da doron kafaɗa. Sirdin folo muke sa mata, wanda aka haɗo mini da ita. Ina neman sirdin dresaj da ba zai cuce ta ba, kuma ba zai cuci aljihuna ba. Abin da na ware bai wuce naira dubu 500 ba, sabo ko na hannu duk ɗaya. Tana Malali a nan Kaduna ga mai son ya zo ya gani.

Mai Kili:
Wa'alaikumus salam. Alhaji, ninka bargo biyu ka sa a ƙasa, magana ta ƙare. Dawakin folo duk haka suke in sun kwana biyu. In ta matsa a yi mata allurar kashe ciwo kafin hawa.

Dakta Maman Walid:
Mai Kili, don Allah kada ka sake ba wani wannan shawarar. Allurar da kake nufi ba ta warkar da komai, bakin ciwon kawai take rufewa a ci gaba da hawa a kan rauni, kuma yawanta na jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda.

Abban Ilham, kafin ka fitar da ko sisi a kan sirdi, a fara duba dabbar. Fararen gashin nan shaida ne cewa wani abu ya daɗe yana danne wurin, wannan kam aikin sirdi ne. Amma fushin jan majayi ba lallai daga baya yake ba. Doki mai gyambon ciki haka yake yi, kuma waɗanda aka saba ɗura wa hatsi a bar su sa'o'i babu ciyawa a gabansu su suka fi kamuwa. Wani kuma ɗingishin ƙafar baya ne da ido bai kama ba, sai ya riƙa ɗaure bayansa don ya rage wa ƙafar nauyi. Akwai haƙori. Akwai kuma ciwon da ƙasusuwan da ke tsaitsaye a saman gadon baya suke matsowa har su riƙa gugar juna, wannan sai hoton ƙashi ke nuna shi, kuma ko nawa ka kashe a sirdi ba zai magance shi ba. Zariya ba nisa, asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na ABU yana nan. Ko kuma a kira likita ya zo Malali ya latsa bayan da hannu, ya ga tafiyarta da sassarfarta a kan ƙasa mai tauri.

Baba Shamaki:
Salamu alaikum. Ina karanta ku ina mamaki. Tun ina saurayi nake cikin barga, da ni aka ja dawakin Zazzau zuwa babban hawan da aka yi a nan Kaduna lokacin bikin al'adu na FESTAC, a 1977. Doki ya wuni da sirdin gargajiya, da jalala, da kayan ado, da ƙato a kansa, a sauke da yamma bayansa lafiya lau. Sirdinmu ba ya zama a kan ƙashin baya, kuma akwai zubka mai kauri a ƙasa. Sirdin Bature ɗan falle ne, nauyi duk wuri guda. Ɗana Abban Ilham, ka kai ta wurin masu sassaƙa a yi mata nata.

Dakta Maman Walid:
Baba, Allah ya ƙara girma. A hannun irinku da ke duba bayan doki kullum, na yarda. Amma bayan kowace Sallah mu ake kira, kuma rabin abin da muke tararwa miki ne a doron kafaɗa, wani har ya yi ruwa. Sirdin aro ake ɗora wa dokin da ba nasa ba, a lafta shimfiɗa a kai, ba a ganin ɓarnar sai an kwance.

'Yar Kawo a Ingila:
Baba ina gaisuwa. Maganarka ta cewa kada sirdi ya zauna a kan ƙashin baya, ita ce tushen komai, ko a nan abin da masu auna sirdi ke fara dubawa ke nan. Sai dai sirdin gargajiya ba zai yi wa Ilham ba. A dresaj da ƙafa da mazauni ake yi wa doki magana, dole ƙaurin mahayi ya kwanta a jikinsa. Tsakanin kwacciya mai tudu da jalala da faffaɗar likkafa, saƙon ba zai isa ba.

Yaya Abban Ilham, bari in fara rage maka nauyi. A ƙananan gasanni na nan ba a tilasta sirdin dresaj, sirdin Turawa na gama-gari ya wadatar. Saboda haka in ka samu na gama-gari da ya zauna wa godiyar daidai, ya fi na dresaj da bai zauna ba sau dubu. Amfanin na dresaj shi ne fatar gefensa doguwa ce miƙaƙƙiya, ba ta hawa kan kafaɗar doki, mazauninsa mai zurfi ne, maɗauran majayinsa dogaye ne don kada ƙarfen majayi ya tokare ƙafar mahayi. Ga godiya mai ciwo a bayan kafaɗa wannan miƙewar tana da amfani, shi ya sa ni ma zan so a same shi.

Da kuɗin da ka faɗa, manta da sabon sirdin fata na kirki. Hanya biyu ce. Ko tsohon na fata daga gidajen da aka sani, irin Stübben, Passier da Kieffer na Jamus, ko Albion na Walsall, garin da ya shahara da ɗinkin sirdi a nan Ingila. Ko kuma na roba, Wintec na Ostireliya ko Thorowgood, waɗanda ake kwance ƙarfen gabansu a sauya da mai faɗi ko matsattse. Ni na robar zan zaɓa maka.

Sabo Dal:
Alhaji ba sai ka je Ingila ba. Ina da sabo fil, fata zalla, baƙi, da linzami da likkafa da majayi duk a haɗe, dubu 180. Kayan Indiya ne, kwanan nan suka sauka. Ka zo ka gani, in ka ga dama a rage maka wani abu.

Mai Kili:
To ga shi nan. Ka sayi wannan, canjin ka sayi harawa.

Baduku na Tudun Wada:
Sabo Dal, ba ɓata maka kasuwa zan yi ba, ban ga naka ba. Amma irin waɗannan na haɗe da linzami an sha kawo mini gyara, kuma ni da ke farke cikinsu na san abin da nake gani. Fatar waje tana sheƙi, ciki kuwa ƙashin sirdin, wato ƙwarangwal ɗin da aka ɗinka fatar a kansa, a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Matasai biyun da ke ƙasan sirdin, masu kwanciya a bayan doki, kuma tsummokara ne da guntun soso aka cusa, wuri ya yi tauri wuri ya yi fanko. Ba duk na Indiya ne haka ba, Kanpur akwai gwanaye, amma mai kyau ba ya zuwa a wannan farashin. Araha ba ta ado.

Wanda zai saya, sabo ko tsoho, ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Kifa sirdin a cinyarka ka leƙa ta kwararon tsakiya daga baya zuwa gaba: matasan biyu su zama tagwaye, kwararon ya tafi sak, faɗinsa ya ɗauki yatsu uku zuwa huɗu har ƙarshe, kada ya tsuke a baya. Sannan ka tokare kwacciyar gaba a cinya ka jawo ta baya zuwa ƙirjinka. Ɗan motsi kaɗan ba laifi. In ka ji ƙas-ƙas, ko ka ga fatar mazauni ta tattare, ƙashin ya karye, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Daga nan ka bi matasan da tafin hannu a hankali, kana neman ƙulli.

Sabo Dal:
Malam ka zo ka gwada nawa da kanka, ba na tsoro.

Baduku na Tudun Wada:
Zan zo in sha Allahu. In ya ci gwaji a nan zan faɗa.

Abban Ilham:
Na gode ƙwarai. Dakta, na kira likita, zai zo ƙarshen mako. Ƙanwata ta Ingila, abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda zan sayi sirdi daga wata ƙasa ban ɗora shi a bayan godiyar ba. Can kuna da masu auna sirdi, nan ban san ko ɗaya ba.

'Yar Kawo a Ingila:
Dalilin da ya sa na ce mai sauya ƙarfe ke nan. Nan in sirdi bai zauna ba, waya za ka buga, mai aunawa ya zo da mota cike da sirada, har ƙungiya gare su mai ba da shaidar ƙwarewa. A Kaduna kai ne mai aunawar, saboda haka ka sayi abin da kai da baduku za ku iya gyarawa. Tsohon Passier zai fi kyau a ido, zai kuma fi daɗewa, amma in ya iso ya matse ta, faɗaɗa ƙashinsa sai da injin da ba ku da shi. Ka ga kuɗi sun tafi.

Ga yadda za ka turo mini bayanta. Samo wayar lantarki mai kauri, wadda in an lanƙwasa take tsayawa, tsawon kamar santimita 60. A tsayar da godiyar a wuri mai baje, ƙafafu huɗu daidai, kai a miƙe. Lalubo ƙarshen allon kafaɗarta ta baya, in ba ka ji shi ba a ɗaga ƙafar gaba a ja ta gaba, za ka ji ƙashin yana zamewa ƙarƙashin hannunka. Auna yatsu uku daga nan zuwa baya, ka sa alama da alli. A wannan layin za ka ɗora tsakiyar wayar a kan doro, ka danna ta ta kwanta a jiki gefe da gefe. Ɗaga ta a hankali kada ta buɗe, ka kwantar a kan kwali ka zana cikinta, ka rubuta hagu da dama da kwanan wata. Ka sake wani zanen a inda bayan ya fi lotsawa, da wani a tsawon gadon baya.

Sai tsawo. Doki yana da haƙarƙari 18 a kowane gefe, kuma nauyin sirdi bai kamata ya wuce na ƙarshe ba, don daga nan sai ƙugu, babu abin da ke tallafe shi. Lalubo haƙarƙarin ƙarshe a kwiɓi, ka bi shi sama har inda ya haɗu da baya, ka sa alli. Tsakanin alli da alli shi ne gurbin da muke da shi. Ka auna mini da tef.

Mai Kili:
Duk wannan wahalar saboda a riƙa zagaye fili a hankali? Ni fa ban gane wannan wasan ba. Ba sukuwa, ba zamiya, ba ƙwallo. A ba yarinya sanda ta koyi folo mana, ga kulob ɗin folo a cikin gari ga filin folo na Fifth Chukker a hanyar Jos.

'Yar Kawo a Ingila:
Ƙanena, wannan zagayen da kake rainawa yana cikin gasar Olamfik tun 1912. Fili ne mita 20 a 60, kuma alƙalai na kallon kowane taku. Da aka fara barin mata su shiga a 1952, wata 'yar Denmak, Lis Hartel, wadda shan inna ya kashe wa ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, ita ta ɗauki azurfa. Ka gwada sa Kili ya tsaya cak da ƙafafu huɗu a jere ba tare da ka fizgi bakinsa ba, sannan mu yi magana.

Baba Shamaki:
Nan kam ina bayan 'yata. Dokin da ya iya taƙama a gaban sarki ya fi mai gudu wuyar horarwa. Gudu kowane dukushi ya iya.

Mai Kili:
Na sallama Baba. Amma maganar bargo fa? Har yanzu ban ga laifinta ba.

Dakta Maman Walid:
In takalmi ya matse ka, ƙara safa za ka yi? In sirdi matsattse ne, duk abin da ka cusa a ƙasa ƙara matsi yake yi. Shimfiɗa mai kauri tana taimakawa ne kawai in sirdin ya ɗan yi faɗi, misali dokin ya rame ana jiran ya murmure. Kuma bargo yana tattarewa da gumi, tattarar kanta tana yin miki. Shimfiɗar auduga marar kauri, wankakkiya, a ɗaga gabanta a cusa cikin kwararon sirdi don kada ta danne doro, ita ce daidai. Fatar tunkiya mai gashi tana da kyau ga fata mai saurin gogewa, amma sai an bar mata wuri tun wajen awo.

Baduku na Tudun Wada:
Hajiya ta Ingila, ina da ja a kan na roba. Zafin Kaduna a watan Maris da Afrilu ba na can ba ne. Fata tana shan gumi, roba ba ta sha. Kuma in ɗinkin fata ya tsinke ina gyarawa, roba in ta fara ɓarewa sai kallo. Tsohon sirdin fata na Jamus jikanka ma zai hau.

'Yar Kawo a Ingila:
Malam, wajen daɗewa ka fi ni gaskiya, ba musu. Amma ka tuna Agusta. A rataye sirdin fata a ɗakin kaya mako guda cikin marka, a dawo a tarar ya yi furfura da fumfuna. Hunturu ya shigo kuma ya bushe ya fara tsagewa in ba a bin sa da mai. Wa zai riƙa yin wannan hidimar? Na roba ruwa da tsumma ne kawai, iyaka kada a bar shi a rana ko a but ɗin mota. Zancen gumi kuma, ai ba sirdin ke taɓa fata ba, shimfiɗa ce a tsakani. Ga shi ba nauyi, yarinya za ta iya ɗorawa da kanta ba tare da ta jefa shi a bayan dabbar ba.

Babban dalilina dai shi ne bayan dokin Arewa ba ya zama a siffa ɗaya. Da damina ga ɗanyar ciyawa ya cika, da rani harawa ta yi tsada ya zube. Wannan godiyar kuma naman bayan kafaɗarta na tabbata ya lotsa saboda matsi. In ta huta ta fara aiki daidai, naman zai dawo, faɗin da ya yi mata yau zai matse ta nan gaba. Ƙarafan Wintec launi-launi ne: rawaya matsattse, sai kore, baƙi matsakaici, shuɗi, ja mai faɗi, fari ya fi su duka. Sukurdireba kawai ake buƙata.

Baduku na Tudun Wada:
To na ji. Amma sharaɗi ɗaya: matasan su zama na ulu. Akwai masu jakar iska a ciki, akwai masu soso. Waɗannan in sun zauna sun zauna, in ba su zauna ba ba ni da abin yi. Na ulu kuwa akwai 'yar kafa a ciki, ina zura ƙarfe in zaro tsohon da ya dunƙule, in cusa sabo kaɗan-kaɗan, in bubbuga ya baje, in ƙara inda bayan ya rama in rage inda ya cika. Ga dabba mai ciwo wannan shi ne gatanta.

'Yar Kawo a Ingila:
Mun haɗu a nan. Thorowgood cusawa ake yi, Wintec kuma akwai mai iska akwai na cusawa, sai an tambayi mai sayarwa. Masu son na iska suna cewa yana raba nauyi daidai, kuma akwai dawakin da yake yi wa kyau. Amma inda babu mai gyara shi, na cusawa ya fi kwanciyar hankali.

Abban Ilham:
Malam Baduku, ulun a nan ake samu? Ko audugar rimi za ta yi?

Baduku na Tudun Wada:
Alhaji, rimi na matashin kai ne. Shi da auduga in sun sha gumi da nauyi sai su kwanta su yi tauri, ba sa tashi. Ulu kana dannawa yana dawowa. Kuma tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su ba ulu ba, ba a samun abin cusawa a jikinsu. Sai dai Hajiya ta haɗo da sirdin.

Baba Shamaki:
Yau na ji sabon abu, har ulu sai an yo oda. Allah ya kyauta. Ni dai abin da zan ƙara, ku duba wanda ke hawanta. Sirdi ba ya ciwo shi kaɗai. Ilham tana makaranta, ranakun mako wa ke fita kilisa da godiyar? Nawa ne nauyinsa? Ta ina yake hawa?

Dakta Maman Walid:
Baba ya taɓo inda ban kai ba. Abin da aka saba faɗa shi ne mahayi da kayansa kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, ga mai ciwon baya kuma a yi ƙasa da haka sosai. Hawa daga ƙasa ma yana murɗa sirdi ya ja doro gefe ɗaya a kowace rana. A ajiye bulo ko kututture a riƙa takawa.

Abban Ilham:
Jama'a ga bayani. Likita ya zo. Ya ce bai ga ɗingishi ba, ƙashin baya bai nuna zafi ba da ya bi shi da yatsa, amma naman gefe biyu a bayan kafaɗa ya yi tsami sosai, tana zabura in an latsa. Ya goge mata haƙoran da suka yi kaifi, ya ce a rage hatsi a bar ciyawa a gabanta koyaushe, kuma kada a hau ta sai ya sake dubawa. In hutun bai canza komai ba sai a yi maganar hoto.

Mun ɗora sirdin folon ba shimfiɗa don ya gani. Gabansa ya kwanta a kan doro, ko yatsa ɗaya ba ya shiga. Da ya zura hannu ƙarƙashin matasan, gaba da baya sun danne, tsakiya kuwa hannu na wucewa ba abin da ya taɓa shi. Baba, yaron barga ne ke fita da ita, ba mai jiki ba ne, amma daga ƙasa yake hawa. An kawo bulo.

Na yi zanen kwali, na tura wa ƙanwata. Tsakanin alli da alli santimita 44.

'Yar Kawo a Ingila:
Na gani Yaya, zanen ya fito. Abu biyu ke nan a tare: gaba ya faɗa kan ƙashi, tsakiya kuma ya yi gada, nauyin duk ya taru a wuri huɗu. Ba mamaki take kwantar da kunne. Doronta dogo ne, ga rami gefe da gefe. Kada wannan ramin ya ruɗe mu mu sa ƙarfe matsattse, don shi zai hana naman dawowa. A bi kusurwar jikinta, ramin kuma Malam ya cike shi da ulu. Thorowgood suna da samfuri na musamman don dawaki masu dogon doro, shi zan fara nema. Mazauni inci 16 da rabi ko 17 zai ishi Ilham, amma zan sa mai sayarwa ya auna mini tsawon matasan da tef, don lambar mazauni ba ita ce tsawon ƙasa ba. Zan sayi ƙarfe biyu, wanda ya yi mata yanzu da na gaba da shi.

In ya iso, a ɗora ba shimfiɗa. Yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin doro da gaban sirdi, kuma a sake gwadawa bayan yarinyar ta hau, don yana sauka. Mazauni ya zauna a baje, kada ya tuntsura gaba ko baya. Bayan hawa na farko a duba gumi: in ko'ina ya jiƙe amma ga wani ɗan wuri a bushe kamar kwabo, ko gashi ya murɗe, a kira Malam.

Sabo Dal:
Kuɗin jirgi da na kwastan fa? Kafin ya iso ya ninka kuɗin sirdina sau uku.

'Yar Kawo a Ingila:
Bai kai kilo 10 ba, yana shiga akwatin kilo 23 har da sauran wuri. Akwai mai tahowa Abuja hutun ƙarshen shekara. A naɗe shi da tufafi, a cusa kaya a cikin kwararon don kada a danne shi. Abin da zai ci kuɗi canjin fam ne, shi ya sa ba zan yi gaggawa ba, godiyar ma hutu take yi.

Baduku na Tudun Wada:
Sabo Dal, na cika alkawari na je na duba. Jama'a, cikin uku da ya nuna mini ɗaya ƙashinsa daidai ne, fatar ma ba laifi, in aka zazzage cikin matasan aka sake cusawa zai yi wa lafiyayyen doki na kilisa. Amma kwararonsa yatsu biyu ne a baya, bai dace da wannan godiyar ba. Sauran biyun na gaya masa abin da na gani tsakanina da shi.

Sabo Dal:
Na gode Malam. Mai son wancan ɗayan ya yi magana.

Baba Shamaki:
Ni har yanzu ban gamsu da roba a bayan doki ba, amma tunda baduku zai sa hannu, na yi shiru. Ranar da za a gwada a gaya mini, zan zo da ƙafata in gani. Kuma a riƙa jan majayi rami-rami, a ɗan taka da ita tsakani. Yaran yanzu fizga ɗaya suke yi.

'Yar Kawo a Ingila:
Baba ya tuna mini. Yaya, majayin da kuke da shi ba zai yi ba, na dresaj gajere ne saboda maɗauran dogaye ne. Auna mini tsawon na yanzu daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Yawanci ana cire kamar inci 20 daga dogon majayi a samu gajeren, in ya kasance 48 sai a nemi 28. Abin lura shi ne ƙarafan su zauna sama da gwiwar hannun godiyar, kada su riƙa bugun ta in tana tafiya. Zan nemi mai laushi marar ɗinki a gefe.

Abban Ilham:
Zan auna da safe in turo. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baduku na Tudun Wada:
Hajiya, in za ki sayi ulun a nemi fari mai dogon zare, kada a karɓi gaurayen nan mai launin toka. Kilo ɗaya zai ishi sirdin har a rage na gyara. In akwai wuri a akwatin a ƙara mini kilo ɗaya, zan biya ta hannun Alhaji.